Tashar Kaya Ba Dogo: Labarin Unguwarmu Gidan Dare



Duk lokacin da zama ya haɗa ni da abokaina Kanawa ko Zazzagawa, in dai hira ta yi hira, to ba a tashi sai an taɓo tsokanar nan da suka saba, wai mu Sakkwatawa ba mu san jirgin ƙasa ba sai a hoton littafin firamare. Ni kuwa ba na musu, domin gaskiya ce. Dogon da Turawa suka shimfiɗa ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya je ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye, kuma daga ranar har yau bai ƙara ko taku ɗaya ya nufo mu ba. A da muna da abin kare kai, mukan ce ai Gusau da Ƙaura duk ƙasar Sakkwato ce, saboda haka jirginsu namu ne. To a 1996 aka yanke Jihar Zamfara, ta tafi da dogon gaba ɗayansa, aka bar mu ko ƙusa ɗaya ba mu da ita.

Sai dai abin da nake gaya wa masu tsokanar shi ne, dogo kawai muka rasa. Tashar kaya kam muna da ita, da ƙararta da hayaƙinta da 'yan dakonta, kuma ni a bakinta nake kwana nake tashi. Sunanta Gidan Dare.

Kafin in zo kan unguwar tamu bari in ɗan koma baya, domin na san yadda tashar kaya ta ainihi take tun kafin idona ya gan ta. Kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin ƙasar Sakkwato da Gusau, da fari da jakai da raƙuma, daga baya da roka. Fatun jar akuya yake kaiwa, irin waɗanda kamfanonin Turawa ke rububi, in kaka ta yi kuma ya haɗa da gujiya da kaɗa, wato gyaɗa da auduga ga waɗanda ba su jin namu. Idan ya kai kaya aka auna a sikeli, sai ya kwana biyu ko uku a wani gidan haya da ke jingine da shingen reluwe yana jiran kuɗinsa. Yakan ce mini, "Kai abokina, wanda bai kwan bakin tasha ba bai san dare ba. Tsakad dare za ka ji an buga tarago ga tarago, gwaram! awa ƙiyama ta tsaya. Ka tashi da sahe ka ishe rigakka hwara ta koma baƙa." Hayaƙin gawayin Inugu ke nan, wanda kan jirgi ke ci a wancan zamani.

Amma ban taɓa jin ya faɗi wannan da ɓacin rai ba. Da murmushi yake faɗi, domin a bakin tashar nan ya samu jarin da ya yi aure, a nan ya fara jin Yarbanci da Inyamuranci, a nan ya fara ganin burodi. Garin Gusau kansa dogo ne ya ɗaga shi, ya jawo masa kantunan Turawa da injin gurzar auduga da Sabon Gari, daga baya har da masaƙa. Abin da na riƙe a cikin labarinsa shi ne maganar shinge. Tashar tana da filinta, an zagaye shi, an san daga nan zuwa nan na jirgi ne, daga nan kuma na mutane. Ba wai Turawan sun yi haka don ƙaunar talaka ba ne. Dokar birane ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili na yadi 440, kwatan mil ke nan, babu gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da inda baƙar fata ke zaune, wai don tsoron sauro da gobara. Su sun ja da baya can inda iska ke kaɗawa, leburori da 'yan dako da masu tuwo kuwa aka bar su manne da shinge suna shaƙar hayaƙi. Ashe dai sun san amfanin tazara, idan lafiyarsu ce a kan layi.

Ko dalar gyaɗar Kano da muke ta alfahari da ita a hotuna, in ka bi diddigi, ai cunkoson tasha ne ya haife ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ta yi yawa, taragu da kawunan jirgi sun yi ƙaranci, ba a iya kwashe amfanin shekara kafin wata kakar ta zo. Shi ya sa aka riƙa jibge buhuna dubbai-dubbai ana tayar da dala, a lulluɓe da tamfol, ana jiran jirgi, ƙwari na ci. Abin da muke kallo a matsayin alamar arziki, ga ma'aikacin reluwe na lokacin ciwon kai ne. Kaya dai in suka taru dole su sami wurin zama, ko an tanada musu ko ba a tanada ba.

To mu ba a tanada ba. Rashin dogo bai hana Sakkwato samar da kaya masu nauyi ba, bai kuma hana ta buƙatar su ba. Albasarmu tana tafiya Kudu, shanu da tumaki suna shigowa ta Illela su wuce, man fetur da taki da ƙarfen gini da shinkafa da gari suna zuwa, kayan da za su ƙetara Ƙwanni su shiga Nijar suna bi ta cikinmu. Ga kuma siminti. Masana'antar Kalambaina ta fara aiki a 1967 da ƙarfin tan dubu 100 a shekara, a 1985 aka yi sabon layi mai tan dubu 500, a 2018 aka ƙara mai tan miliyan ɗaya da rabi, a watan Janairun 2022 aka buɗe wani mai tan miliyan 3. Wannan abin farin ciki ne, kuma a danginmu kaɗai na san gidaje da yawa da tukunyarsu ke tafasa da albarkacinta. Amma mai karatu ɗauki alƙalami mu yi lissafin 'yan firamare. Tirela guda tana ɗaukar buhu 600, tan 30 ke nan. Kowace tan miliyan ɗaya tana buƙatar lodin tirela sama da dubu 33, wato kusan 90 a kowace rana ta Allah, kuma kowacce sai ta shigo kafin ta fita. A garin da ke da dogo, kan jirgi guda zai ja taragu ashirin ko fiye, kowane tarago ya ɗauke abin da tirela ke ɗauka. Mu a nan komai a kan taya yake tafiya, na siminti da na albasa da na mai, kuma taya sai ta tsaya wani wuri ta huta.

Unguwarmu tana ɓangaren garin da ke fuskantar Kalambaina, kuma lokacin da mahaifina ya sayi filin da muke ciki, abokansa har dariya suka yi masa, wai ya koma daji. Ina yaro muna farautar ƙadangaru a inda yanzu shaguna suke. Gari ya biyo mu, manyan motoci ma suka biyo mu, kowa yana ganin shi ya riga zuwa. Da la'asar sakaliya za ka ga sun fara jeruwa a gefen kwalta, tirela bayan tanka bayan gingimari, yaron mota ya diro ya cusa katako a ƙarƙashin taya. Kafin isha'i layi ɗaya ya zama biyu. Waɗanda suka makara su ne ke karkatowa su shigo bakin lunguna.

Ƙarar ba ta dame ni kamar da ba, kunne ya saba. Akwai tsakin burki mai kama da numfashin wani ƙaton maciji, akwai dukan ƙarfe na masu faci da ke cire taya da guduma har sha biyun dare, akwai wanda zai tayar da inji tun kafin kiran assalatu ya bar shi yana ruri wai yana tara iska. Baƙo in ya kwana gidanmu da safe idonsa ja wur, mu kuwa sai mu ce masa ai jiya da sauƙi. Abin da jiki bai saba da shi ba shi ne ƙura da hayaƙi. Gefen kwaltar duk ya dagargaje ya koma gari, kowace mota ta motsa sai ta tayar da shi, in hunturu ya zo kuma a haɗu biyu. Uwargida takan share tsakar gida da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka da yatsa a kan murfin randa. Inna, mahaifiyata, tana da ciwon asma, kuma mun riga mun san watannin da za mu yi ta zarya asibiti da ita. Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin man gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin huhu. Ranar da na karanta wannan ban gaya wa Inna ba, na dai sa aka toshe tagar ɗakinta da ke kallon hanya, aka fasa wata ta cikin gida.

Sai lambatu. Makanikai suna juye baƙin mai a ƙasa, ruwan sama ya kwashe shi ya zuba a magudana, ya haɗu da leda da yashi ya toshe. Kwalbatin bakin layinmu an yi shi ne don ƙananan motoci da amalanke, tirela mai lodi ta taka shi sau ɗaya ya rufta, ruwan damina ya rasa hanya sai cikin zaurukan mutane. Akwai kuma maganar da ba a son faɗi a gaban manya. Mutum ɗari ko fiye suna kwana a bakin hanya, babu makewayi ko ɗaya da aka gina dominsu. Ina kake jin za su? Bayan katangar makarantar Islamiyyar da 'ya'yanmu ke zuwa, nan ne amsar take, kuma malaman sun gaji da rubuta gargaɗi da gawayi.

Duk wannan ana iya haƙuri da shi, an ma yi. Abin da ya tayar da unguwa tsaye wani dare ne da matar maƙwabcina ta tashi da naƙuda, wajen ƙarfe biyu. Haihuwar fari ce, kuma ungozoma ta duba ta ce wannan ba ta gida ba ce, a yi asibiti. Maƙwabcin nawa ya buga mini ƙofa, na fito da mota, muka sa ta a baya ita da Inna da wata dattijuwa. Muna isa bakin layi sai ga tirela ta gicciye, ta rufe shi ruf, ko kabu-kabu ba zai wuce ba sai an karkata shi. Ɗaya bakin layin kuwa tun damina ruwa ya cinye shi. Muka yi ta dukan ƙofar motar, ba kowa. Can sai ga yaron mota ya fito daga ƙarƙashi, yaro ne da bai fi shekara goma sha biyar ba, yana rawar sanyi da tsoro, ya ce maigidansa ya shiga gari da makulli, wayarsa kuma a kashe. Na ga mijin nan, mutum mai sanyin hali da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ɗauki dutse zai fasa gilashi. Inna ce ta riƙe masa hannu ta ce, "Ɗana, aje. In ka hwashe shi motag ga tashi za ta yi? Ku kamo ta mu tai."

Haka aka yi. Mata biyu suka riƙe ta, ta taka da ƙafarta, ta ratsa tsakanin tirela da katanga a karkace, tana cije leɓe, mu muna haska musu da fitilar waya. Wani mai shayi da bai tashi ba ya ruga ya tado wani mai mota a tsallaken titi. Allah ya sa an isa da sauran lokaci, aka yi mata aiki, ta samu ɗa namiji. Yaron yanzu yana firamare, matan layi suna kiran sa ɗan tirela, yana jin haushi. Mu muna dariya, amma uban har yau in ya ga babbar mota ta doso bakin layi sai ya miƙe tsaye.

Washegari matasa suka so su far wa direbobi, dattawa suka hana. Ni ma a lokacin zuciyata tana tare da matasan, sai da na zauna da ɗan baffana wanda shekararsa goma sha yana jan tirela tsakanin Sakkwato da Kudu. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaya, duk abin da kac ce gaskiya na. To amma ina kaka so in kai ta? Hanyag Gusau ba a bin ta da dare, kai ma ka sani, wanda duk yab bi ta ya sai da ransa. Dole in kwan cikin gari in jira sahiya. In na tsaya daji a kwashe ni, in na shigo gari ku zage ni. Nuna min wuri guda da anka kewaye, da ruwa da makewayi da mai gadi, ko nawa na ni biya." Ban sami abin ce masa ba. Mutumin nan yakan yi sati uku bai ga 'ya'yansa ba, wankansa a bayan mota da buta, barcinsa a kan tabarma ƙarƙashin lodin tan talatin. Masu iya magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to mu da direbobi haka muke, kowa yana huce haushinsa a kan wanda idonsa ke gani.

Kuma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, rabin unguwar a jikin motocin nan take ci. Mai shayi, mai tuwo, mai faci, mai wankin kaya, mai cajin waya, yaran da ke sayar da ruwan leda, masu ɗakunan haya, har masallacin bakin titi da direbobi suka haɗa kuɗi suka sa masa fanka. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020 da aka buɗe ta Illela, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da aka sake rufewa sai Maris na 2024, mun ga abu biyu a lokaci ɗaya. Motocin da suka maƙale da kayan ƙetare sun yi ta zama makonni ba motsi, waɗanda suka saba zirga-zirga kuma suka ɗauke ƙafa. Wata mai tuwo da ke kusa da mu, gwauruwa mai 'ya'ya biyar, ta ce mini ita da a kore motocin nan gara a kore ta. Saboda haka duk taron da za a yi a ƙofar gidan mai unguwa, da an ce a tashi motoci sai ka ga rabin mutane sun sunkuyar da kai.

Duk da haka mun kai kuka. Aka zaɓi dattawa uku da ni mai rubutu, mai unguwa ya sa mana hannu a takarda, muka nufi wani ofishi da aka ce shi ne ya dace. Mun yi zaman benci na awa biyu kafin a shigar da mu. Babban cikinmu, tsohon malamin makaranta, ya cire hula ya gyara ya mayar, ya ce, "Ranka shi daɗe, mun zaka da kukanmu na, ɗiyanmu da matanmu ba su da hanya." Jami'in ya karɓe mu da mutunci, ba zan ɓoye ba, har ruwa ya sa aka kawo. Ya karanta takardar ya ce, "Baba, wallahi kuna da gaskiya. Sai dai hanyag ga ba tamu ba ta." Ya kwatanta mana wani ofishin. A can aka ce hanya tasu ce amma motoci ba nasu ba ne, akwai masu kula da su. Masu kula da motoci suka ce su tuƙi suke dubawa, wurin kwana sai a tambayi masu filaye. Masu filaye suka ce a kawo takarda daga inda muka fara. Wata guda cur muna wannan zagaye, tsohon malamin nan da sandarsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na san abin da doka ta ce. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, kuma a ciki akwai kafa tashoshin mota da kula da su, da makewayin jama'a, da titunan cikin unguwa, da magudanun ruwa, da kwashe shara. Kusan duk abin da ke damun mu yana cikin wannan shafi guda. Sai dai birnin Sakkwato ya bazu a kan ƙananan hukumomi da dama, ga hukumomin jiha, ga na tarayya, kowa yana da ɗan yankinsa a kan kwalta ɗaya. Wajen karɓa kuwa ba a samun wannan ruɗani. Kullum da yamma za ka ga masu rasit suna bin motocin nan ɗaya bayan ɗaya, wannan da riga mai launi kaza, wancan da kati a wuya, ba wanda ya taɓa cewa motar ba a yankinsa take ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, muka yi ta murna a majalisar bakin layi, har wani ya ce kwalbatinmu ya kusa tashi. Yana nan a rufte.

Ba zan ce ba a taɓa yin komai ba. An yi, sau uku a iya tunanina. Akan wayi gari a ga jami'ai da motoci da jiniya, a ba da wa'adin kwana kaza, a ja mota ɗaya ko biyu, a ci tara. Sati guda titi fes, har yara su buga ƙwallo a inda tankoki ke kwana. Motocin kuwa ba sama suka tashi ba, unguwar gaba suka koma, mutanen can su ma su fara rubuta tasu takardar. Bayan sati biyu sai ka ga guda ta dawo a ɗarare kamar baƙon kare, ba wanda ya tanka, gobe uku, jibi an koma gidan jiya. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ya ga Tafa, ko ya tsaya a Mararrabar Jos, ya san ba mu kaɗai ba ne. A Legas unguwar Apapa ta yi shekaru a shaƙe da motocin da ke jiran shiga tashar jiragen ruwa, har gadoji suka zama gareji. A Fabrairun 2021 hukumar tashoshin ta fito da tsarin da ta kira Eto, wanda mota za ta zauna a garejin da aka amince da shi sai an kira ta ta waya sannan ta taso. Bai kawar da matsalar duka ba, an yi ta kukan cuwa-cuwa a cikinsa, amma aƙalla wani ya zauna ya gane cewa kafin ka ce wa direba tashi, sai ka nuna masa inda zai zauna.

Tankokin mai su ne ke hana ni barci. A watan Oktoban 2024 wata tanka ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Daren da na ji labarin na fita na ƙirga tankokin da ke tsaye tsakanin bakin layinmu da masallaci, na samu bakwai, ga mai shayi da murhunsa, ga mai tsire da nasa, ga masu walda. Na dawo na kwanta ban ce wa kowa komai ba.

Wasu abokaina suna ganin da jirgi ya zo shi ke nan an huta. Ina fata, amma ba na sakin jiki. A Yulin 2013, a wani ƙaramin gari na ƙasar Kanada mai suna Lak-Megantik, an ajiye jirgin ɗanyen mai da dare a kan tudu babu kowa a ciki, burki ya saki, ya gangaro cikin gari ya kama da wuta, mutum 47 suka mutu. Can ma wurin kwanan kaya ne ya jawo. Jirgi yana rage motoci a kan doguwar hanya, amma a bakin tasharsa tara su yake yi, domin kowace kwantena da ya sauke sai mota ta zo ta ɗauka. Shi ya sa nake sa ido a kan abin da ke faruwa a gabas da mu. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, a 2024 kuma aka buɗe ta Funtuwa. Duk sanda na je Kano nakan so in ga yadda gidaje ke matsowa kusa da irin waɗannan wurare, domin na san yadda abin ke farawa: mai shayi guda, sai rumfa, sai shago, sai mai fili ya yanka ya sayar.

Mu ma an sha yi mana albishir da dogo, musamman in kakar zaɓe ta matso. Kuma tun Maris na 2023, da aka yi wa Tsarin Mulki gyara, harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun tarayya ita kaɗai, jiha ma tana da ikon ta shimfiɗa nata. Idan Allah ya nufa ya zo a zamaninmu, ni ba ranar yanke ƙyalle nake jira in gani ba. So nake in ga taswira tun kafin a kafa ƙusa, in ga inda za a sauke kaya, da inda motoci za su kwana, da tazarar da aka bari tsakaninsu da ɗakin da tsohuwa mai asma ke kwance. Turawa sun bar wa kansu yadi 440. Ko rabin haka aka bar mana mun gode, in dai an rubuta an kuma hana masu yankan filaye cinye shi.

A yanzu dai ga inda muka tsaya. Bayan zagayen ofisoshin nan, dattawa suka yanke shawara a yi karo-karo, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Aka sayi ganguna biyu, aka cika su da kankare, aka kafa a bakin layi hagu da dama. Kafin a kafa sai da aka yi gardama a kan faɗin da za a bari. Wasu suka ce daidai ƙaramar mota, liman ya ce a'a, a auna da motar ɗaukar gawa, wani ya ce to motar kashe gobara fa? Aka rasa yadda za a yi, domin duk ƙofar da motar kashe gobara za ta shiga, kan tirela ma zai shiga. A ƙarshe aka tsaya a kan ma'aunin liman. Ɗan baffana, direban nan, shi ya kawo simintin buhu biyu kyauta, shi ya kuma riƙe igiyar awo. Wata uku da kafawa wata tanka ta goge gangar hagu da dare ta karkatar da ita, kuma ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba aka sa za a fito a miƙar da ita.